Ranar da Na Watsa Kasuwar Shanu da Ruwan Leda Shida

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, kuma ba don ina son tunawa ba ne. Mutanen unguwarmu Lamisula ne suka ƙi bari in manta. Har yau in na shiga keke sai an sami wadda za ta leƙo fuskata ta ce, "Ke, ba ke ce Barewa ba?" Da ina musu. Yanzu na gaji, sai kawai in ce ni ce, matsa mini in zauna.

A lokacin na gama sakandare da shekara guda, ina zaune a gida. Sakamakona bai kai a yi guɗa ba, bai kuma kai a yi kuka ba, irin wanda ake sa wa a ƙasan akwati ne a rufe. Shekarun nan ne da Maiduguri ta zama abin da ta zama: dokar hana fita, igiyar caje mutane a bakin kowace kasuwa, in taya ta fashe a titi kowa ya kama salati. Ba zan ba ku wannan labarin ba. Kun ji shi har kun ƙoshi, mu kuma mun gaji da faɗa. Abin da ya shafe ni shi ne, a duk faɗin duniya abu ɗaya na iya, gudu. Ban iya girkin kirki ba, ban iya haƙuri ba, ban iya magana mai daɗi ba (Umma takan ce bakina ya riga hankalina tashi daga barci), amma tun ina aji ɗaya babu yarinyar da ta taɓa wuce ni a fili.

Malam Modu, tsohon malaminmu na wasanni, bayan ya yi ritaya sai ya riƙa tara mu 'yan mata kamar goma a filin wata makarantar firamare a Bulumkutu. Dattijo ne siriri, ga usur a wuya, ga goro a kumatu. Shi ya zo mana da labarin cewa za a yi babban gudun fanfalaki a Legas, kilomita arba'in da biyu, kuma za a ɗauki mata uku daga nan, mota da masauki duk a kan masu shiryawa. Amma sai an yi gwaji tukuna: rabin tazarar, kilomita ashirin da ɗaya, cikin ƙasa da awa biyu. Wadda ta kai awa biyu cif, ko ta ɗara da daƙiƙa ɗaya, ta koma gida ta ci gaba da wanke-wanke.

Ni ban taɓa wuce Damaturu ba. Ba kofi nake so ba, ba suna ba. So nake in yi ko da mako ɗaya ne a garin da in ƙofa ta bugu, ƙofa ce kawai ta bugu.

Baba dillalin shanu ne a Kasuwar Shanu, Bakano, shekararsa talatin a Barno amma har yau yana cewa miyarsu ta yi masa kanwa da yawa. Na kai masa takardar amincewar iyaye, ya juya ta gaba da baya, ya ninke ya tura cikin hularsa.

"Ba zan sa hannu ba sai ana gobe gwajin," ya ce. "Kuma ki ji ni da kyau. Gudunki cikin katanga. Ranar da na ji an gan ki kina gudu a titi, a gabanki zan yaga ta."

Na ce to. (Ina da saurin cewa to. Shi ne abu mafi arha a bakina.)

Matsalar ita ce lokacina ya maƙale a awa biyu da minti tara. Zagaye hamsin da biyu da ɗoriya a filin nan, sau uku muna gwadawa, sau uku minti taran nan yana zaune kamar an kafe shi. Ranar na uku na cire takalmi na yi jifa da shi.

Malam Modu ya bi takalmin da kallo har ya faɗi. "Ƙafarki ba ta da laifi, fero," ya ce, haka yake kiran kowace yarinya da Barbarci. "Kanki ne kasuwa. Kowa ya yi tari sai kin waiga. Yau a zagaye na talatin tsayawa kika yi kina zagin mai keke ta saman katanga."

"Shi ya fara, Malam. Cewa ya yi wa ya biyo ni."

"To wa ya biyo ki?"

"Babu kowa."

"Minti biyu kika ba shi kyauta, ko na gode bai ce ba. Ɗauko takalminki."

Daga ranar ya ce za mu fara horar da kai. Kullum da yamma in kwanta, in rufe ido, in yi tseren gaba ɗaya a zuci, tun daga usur har ƙarshe, in ga inda zan gaji, in ga yadda zan wuce wurin. In rubuta a hannuna lokacin da ya kamata in kai kowane mataki, don kada in zuba da ƙarfi tun farko kamar wadda kare ya biyo, yadda na saba. In nemi 'yan kalmomi na ƙarfafa zuciya in riƙa faɗa wa kaina. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne kunne. "In kina gudu, ba ki da suna. Ko mahaifiyarki ce ta kira ki, sai kin gama."

Tseren zuci ya ba ni wuya. Ban taɓa wuce kilomita huɗu ba barci bai ɗauke ni ba. Umma ta shigo sau biyu ta same ni a miƙe a tabarma, ido rufe, ina haki da baki, ta fita, sai ga ta da garwashi da hayaƙin aljanu. Amma zancen toshe kunne, wannan kam na riƙe shi fiye da yadda Malam ya nufa. Na fara a gida. Umma ta ce in miƙo mata ludayi, in yi shiru, in ce a raina horo nake. Na sha ranƙwashi, amma na ga ci gaba. Da muka sake gwadawa, minti taran nan ya koma biyar.

Saura kwana goma gwaji, muka je Bulumkutu muka tarar ba fili. Cikin kwana biyu an sauke mutanen da aka koro daga garuruwansu a makarantar. Azuzuwa sun cika, tantuna sun rufe filin, mata na hura wuta a daidai inda muke tashi. Wata tsohuwa tana zaune a kan dutsen da Malam yake ajiye agogonsa, ba ta kallon komai. Kunya ta hana ni cewa wani abu a wurin, amma gaskiya, Allah ya yafe mini, minti biyar ɗina nake tunani.

Malam ya ce, "Ku koma gida ku huta. Zan nemi wani filin. Kafin nan ku yi gudun a kai."

"Malam, a kai za a yi gwajin?"

"Ke dai je ki."

Na gwada tsakar gida. Daga ƙofar kicin zuwa makewayi taku goma sha huɗu ne. Na yi ta kai da kawo har jiri ya kama ni, na taka kazar Umma, na ture turmi. Kwana huɗu a haka, ba labarin fili, ina jin ƙafafuna suna yin nauyi kamar an jiƙa katifa. Ran Juma'a da la'asar na yanke shawara, irin shawarar da mutum yake yankewa ba tare da ya tambayi kowa ba saboda ya san amsar da za a ba shi. Gobe da an ɗage dokar hana fita zan fita titi. Daga gida zuwa bakin Kasuwar Shanu, in taɓa ƙarfen da ake ɗaura igiya, in juyo, in sake komawa. Ita ce hanyar da na fi sani, don ni nake kai wa Baba abinci. Shi kuwa Baba ba ya isa kasuwa sai hantsi, daga masallaci majalisa yake wucewa shan shayi. Kafin ya san an yi, na dawo na yi wanka.

Ga yadda na shirya, kuma ina roƙonku kada ku katse ni. Na sa dogon wandona na gudu da riga. Don kada a gane ni a kai wa Baba labari, na ɗora babban hijabin Umma mai ruwan toka, wanda yake sauka har idon sawu. A fili Malam ne yake miƙo mana ruwa, a titi ba mai miƙowa, saboda haka na jera ruwan leda shida a cikin tsohon ɗankwali na ɗaure a ƙugu, tam, yadda ba zai yi tsalle ba. Na rubuta lokutana da biro a damtse. Takardar kalmomina na soke a ƙugun wando. Na ɗauki agogon Baba, baƙi ƙato mai ƙara, wanda ya cire wajen alwala ya manta a taga, na saita shi ya yi kuka bayan rabin awa. Na ƙarshe, abin da na fi alfahari da shi don ba Malam ya koya mini ba, ni na ƙirƙiro: na cusa auduga a kunnuwana biyu.

(Na sani. Ku da kuke karantawa kun riga kun gani. Ni da aka haifa a garin nan, ni da sau uku ina zubar da kayan miya in ruga saboda ƙarar bam, ban gani ba. Na duba madubi ma kafin in fita. Abin da na gani shi ne 'yar Legas.)

Wallahi ban taɓa gudu mai daɗin na safiyar nan ba. Iska mai sanyi, titi a miƙe, ba zagaye, ba katanga. Duniya shiru, sai bugun zuciyata da numfashina. Abin da ya fi burge ni, hanya sai buɗewa take a gabana. Mutane na darewa. Ta gefen ido na ga wata mata ta saki bokiti ta faɗa wani zaure. Na ga keke ya taho, ya yi wata irin kwana a tsakiyar titi, ya koma inda ya fito. Na ga mai shayi ya tsallake tebur. Duk lokacin da wuyana ya so ya juya, sai in ce masa a'a, ba ki da suna. Har yaba wa kaina nake. Na ce kin ga, da a da ne da kin tsaya tambayar me ya faru.

Sai ku haɗa hoton da kanku. Budurwa ita kaɗai da sassafe, hijabi har ƙasa, ciki ya yi tudu, tana gudu ta nufi kasuwa. Kowane ɗan lokaci ta ɗaga hannu ta duba agogo. Bakinta na motsi, tana faɗin wani abu da ba a ji. Ana yi mata tsawa, ko waige. A shekarun da ake ɗaura wa 'yan mata sa'o'ina abin da ake ɗaura musu a tura su cikin taro.

Da na hango igiyar bakin kasuwa na duba agogo, na ga na riga lokacin da na rubuta da kusan minti ɗaya. Daɗi ya kama ni. Sai na ƙara wuta.

Abin da ya tsayar da ni gora ce. Daga nesa aka wurgo ta, ta shiga tsakanin ƙafafuna, na tafi gaba ɗaya na kife a kan cikina. Leda ɗaya ta fashe, na ji sanyi ya bi cinyoyina. Na miƙe a fusace, na zare audugar ina cewa, "Wane ɗan iskan ne ya..."

Ban ƙarasa ba. Duniya ce ta faɗo mini a kunne gaba ɗaya. Ihu, salati, kukan shanu, ƙarar kwano yana gangarawa. Na duba, babu mutum ko ɗaya kusa da ni, fili fetal kamar na ƙwallo, sai takalma warwatse ko'ina, wari-wari. Can gefe kaskon mai ƙosai a kife, mai yana bin ƙasa. Garke guda ya ɓalle daga turke, shanu sun yi cikin rumfuna. Bayan buhunan yashi kuma ga 'yan gora, matasan da ke gadin ƙofar kasuwa, sun laɓe, kawunansu kawai ake gani. Ɗaya ya ɗora bindigar toka a kan buhu, bakinta na kallon ƙirjina.

"Kar ki motsa! Ɗaga hannu! Sama, sama!"

Mai maganar Ba'ana ne, shugabansu. Na san shi, ya san ni, kullum ta gabansa nake wucewa da kwanon Baba. Amma daga nisan nan, cikin hijabin Umma, ga ƙasa a fuskata, ni ba kowa ba ce.

"Ni ce!" na ce. "Gudu nake!"

"Mun ga gudu kike! Wa ya aiko ki?"

"Babu kowa! Horo nake! Legas zan je!"

Wani daga bayan mota ya ce, "Lahira dai!"

A nan ne kaina ya gane abin da ya kasa ganewa tun safe. Na ga cewa tsakanina da kabari yatsa ɗaya ne na wani saurayi da bai yi barcin kirki ba cikin shekara biyu, kuma in ya danna, babu wanda zai ce ya yi laifi. Ni ma ba zan ce ba.

"Ɗaga hijabin. A hankali. Da hannu ɗaya."

Na kama gefen hijabin na fara ɗagawa. Ya kai gwiwa. Ya kai cinya. Ɗaurin ɗankwalin ya fito, da ƙulle-ƙullensa a jere. Na ji mutane sun ja numfashi tare. Daidai lokacin rabin awa ta cika, agogon Baba ya ce tit-tit-tit-tit.

Ban taɓa ganin mutane da yawa haka sun kwanta a lokaci ɗaya ba, ko a sallar Idi. Har ni na durƙusa. Allah ya taimake ni mai bindigar ma kwanciya ya yi maimakon ya harba. Agogon ya yi ta kuka shi kaɗai a cikin shirun nan, ni kuma na manta maɓallin da ake kashe shi, ina ta danne-danne, ina kuka, ina cewa, "Ruwa ne! Wallahi ruwan leda ne!"

Sai da ya gaji ya yi shiru don kansa. Ba'ana ya ɗago kai. "Kwance. Ajiye ɗaya-ɗaya. Taka kowanne mu gani."

Haka na yi. Leda biyar da suka rage, na jera su a ƙasa, na riƙa takawa. Kowacce ta ce fus, sai kawuna su nutse bayan buhu, su sake fitowa. Ina tsaye, hijabi a wuya, wando jiƙe sharkaf daga ƙugu zuwa gwiwa a gaban duk mahauta da makiyayan Maiduguri. (Na sha gaya wa mutane ledar da ta fashe ce ta jiƙa ni. Yau dai zan faɗi gaskiya: leda ɗaya ba ta da ruwan da ya kai haka, kuma ruwan leda ba ya da ɗumi.)

Sannan aka turo Ya Falmata, matar da ke caje mata a bakin igiya. Ta taho a hankali, ta shafa cikina da bayana, ta zaro takardar da ke ƙuguna. Ba ta iya boko ba, sai ta ɗaga ta sama. Ba'ana ya ce in karanta da kaina, da ƙarfi, kowa ya ji.

"Ba komai ba ne," na ce. "Nawa ne."

"Karanta!"

Na karanta.

"Ke barewa ce. Ƙafarki iska ce. Gajiya ƙarya take yi. Duk Lamisula babu kamarki. Barewa ba ta waige."

Sai wani mahauci ya ce, "Me ta ce? Barewa?" Wani ya fashe da dariya, irin dariyar da take zuwa bayan mutum ya riga ya yi kalmar shahada. Ta bazu. Maza manya suna riƙe ciki, suna neman takalmansu suna dariya, wani har da zama a ƙasa. "Barewa mai fitsari!" in ji wani. Na so ƙasa ta tsage.

Ya Falmata ba ta yi dariya ba. Ta sauke mini hijabin ya rufe wandon, ta gyara mini shi a kafaɗa kamar 'yarta, sannan ta kalle ni da idon da ya gaji.

"Kin san sau nawa a rana nake sa hannu a cikin mace a ƙofar nan ina salati?" ta ce a hankali. "Kowace safiya sai na yi sallama da 'ya'yana kamar ba zan dawo ba. Yau na ce ranar ce. Ashe barewa ce."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ina nan tsaye sai taron ya buɗe. Wani dattijo ya fito daga bayan turken shanu, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, babbar rigarsa ta yage daga kafaɗa, kashin shanu tun daga gwiwa har gemu. Ashe motar shanu ta iso da asuba, daga masallaci kasuwa ya wuto. Baba, mai ciwon gwiwa, wanda sai ya dafa bango yake tashi daga sujada, an ce da ƙafa ɗaya ya tsallake shingen da ya kai ƙirjina.

Ya zo gabana ya tsaya. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuna. Ya juya wajen Ba'ana.

"Wannan agogon nawa ne," ya ce. "Yarinyar ma tawa ce."

"Alhaji! 'Yarka ce? Mai kawo abinci?"

"Ita ce. Ku yi haƙuri."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Wani ya tsinto masa hularsa, ya karkaɗe ya sa, takardar amincewar nan tana ciki ina hango gefenta. Sai ya kama wuyan hannuna ya ce, "Mu je." Na ɗauka gida za mu. Ashe zagaye za mu. Rumfa-rumfa, turke-turke, ya sa na durƙusa na ba da haƙuri. Mai ƙosan da mai ya ƙona wa ƙafa. Bafillacen da ya yi awa biyu yana tattara shanunsa. Wani tsoho da ya faɗa kwata. Wata mai ciki da aka zaunar ana yi mata fifita. Kowa sai Baba ya gaishe shi da Barbarci ya ce, "Wushe, ga mai laifin," ni kuma in ce ku yafe mini. Wasu su ce ba komai. Wasu su ce Allah ya shirya. Mai ƙosan kuwa ƙafarta kawai ta nuna mini. Har azahar muna yi, wandon ya bushe a jikina. Na yi kilomita ashirin da ɗaya sau da yawa a rayuwata, ban taɓa gajiya irin ta ranar ba.

Kwana uku Baba bai yi mini magana ba. Umma ma sai da ido. Malam Modu ya zo gida, ya zauna a zaure ya tauna goro, abin da ya ce kawai shi ne, "Ni auduga na ce?" Ina jiran a kira ni a yaga takarda a gabana, har na gaji da jira na fara fatan a yi a gama.

Ana gobe gwaji Baba ya kira ni. Ya cire hula, ya zaro takardar, ya shimfiɗa a gwiwa. Ya sa hannu.

"Ba don kin cancanta ba," ya ce. "Shekara talatin ana ce mini Alhaji a kasuwar nan. Yanzu uban Barewa. Ki je Legas ɗin ko mako ɗaya ne, in sha iska."

An yi gwajin a wani fili mai katanga da masu gadi a ƙofa. Ƙafafuna lafiya lau, numfashi lafiya lau. Kan ne ya koma kasuwa, kasuwar ma ta shanu. Duk wanda na wuce a gefen fili sai na kalli fuskarsa in ga ko ya tsorata. Hannuwana na riƙe su nesa da jiki yadda kowa zai ga ba komai. Duk da haka ina cikin lokaci, har zagaye na arba'in da shida. A nan wani mai gadi ya daka wa wata mota tsawa a bakin ƙofa, "Kai, tsaya!" Kafin in yi tunani na ƙame wuri ɗaya, hannu biyu a sama. Malam Modu yana ta busa usur yana ihu, "Ba ke ba! Ba ke ba, fero! Tafi!" Ban san tsawon lokacin da na ɗauka kafin ƙafafun su yarda ba.

Awa biyu da minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Malam ya daɗe yana kallon agogonsa kamar zai canja ra'ayi. Sannan ya ce, "To. Yau dai ba ki zagi kowa ba." Mata uku suka tafi Legas, suka dawo da hotuna a bakin teku. Ni na koma wanke-wanke, Baba kuma bai sha iskar ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na yi mako uku ina horar da kaina kada in ji kowa, a garin da mutane suka yi shekaru suna horar da kansu su ji komai, kuma nasu horon ya fi nawa, don su ba minti tara suke nema ba. Har yanzu ina gudu, ban iya wani abin ba. Sai dai yanzu ana gobe zan fita nakan bi layin da ƙafa, shago-shago, mai shayi, mai ƙosai, masu gadi: salamu alaikum, gobe da safe zan wuce nan da gudu, ni ce, ba komai, kowa ya ci gaba da harkarsa. Gudun awa ɗaya ne. Sanarwar awa biyu da rabi, kuma ita har yau ban iya rage mata ko minti ɗaya ba.